Majo Kassimu Ya Faɗo Hannuna

Dapaong, 9 ga Fabrairu, 1993

Zuwa ga yayata Memounatou,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya yara da mutanen Kpangalam? Ina lafiya, sai dai yajin aikin nan ya bar mu mu uku kacal muna aiki a ɗakin majinyata, magani kuma ya yi ƙaranci.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Jiya aka kawo mutanen da motarsu ta kife kusa da Nano, cikin masu gudun rikicin Lome. A gado na huɗu sai ga majo Kassimu, shugaban masu jinyar nan da ya duba mahaifiyarmu a Sokodé shekara biyu da suka wuce. Cinyarsa ta karye. Bai gane ni ba.

Ni kuwa ban manta ba. Iya ta kwana uku hanjinta a murɗe, ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, shi ke nan ya ba ta asfirin ya sallame ta, ta zo gida ta cika. Mutumin da ya tashi a unguwar zongo bai san tsohuwar da ta haifi bakwai ba a ji ko tarinta ba, ba za ta yi nishi gaban namiji sa'an ɗanta ba? A sitaj ɗin ƙaro ilimi da na yi bara aka koya mana lura da gumi, da bugun jini, da numfashi, da yadda mutum ke damƙe bakin gado. A ranar, ficewa na yi daga aji ina kuka, don babu alamar da Iya ba ta nuna ba.

Allurar kashe zafi biyar ta rage, makullin akwatin magani kuma yana wuyana. Wallahi sai ya ɗanɗana.

Ki gaishe da Baba, amma kar ki faɗa masa.

Ƙanwarki,
Rahinatou

Dapaong, 21 ga Fabrairu, 1993

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, direba Salifou ya kawo min wasiƙarki, na kuma sha faɗan.

Ba zan ɓoye miki ba, na bar majo Kassimu ba allura tun hantsi har la'asar. Ashe shi ma ba ya ihu, wai shi namiji. Amma gumi na tsiyaya, haƙora a cije. Wanda bai sani ba yana iya wucewa, ni ba zan ce ban gani ba. Na yi masa allurar ina jin haushin kaina.

Da zafin ya lafa na faɗa masa sunan Iya da ranar da ya sallame ta. Ya yi ta lalube, ƙarshe ya ce bai tuna ta ba, tsofaffi da yawa sun bi ta hannunsa, kuma shekara ashirin ba a taɓa tura shi ƙaro ilimi ba. Yaya, bai ma tuna ta ba!

To, ilimin ya same shi har gado. Kullum da safe ina tara abokan aikina a kansa, in koya musu gane ciwon mai shiru, in ba su labarin Iya daga farko, da sunan wanda ya duba ta. Sai ya juya fuska bango. Ƙafarsa a rataye take, sauran mako biyar.

Kin ce in yafe. Maganinsa zai sha a kan lokaci, ba zan ƙara jinkirta masa ba. Yafiya kuwa, ya je ya nema wurin wadda ya sallama.

Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Rahinatou