Layi Bakwai na Bulo

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ya kuma aiki? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ka sani.

Bulon da ka aiko don gina mini ɗaki ya iso, an jera shi layi goma, ɗaya a kan ɗaya, a filin mahaifinka na bakin fadama. Amma ofishin filaye sun hana takardar izini. Na je da kaina, na zauna a bencinsu tun safe har azahar. Wata yarinya, wadda na haifi waɗanda suka girme ta, ta shimfiɗa mini taswira, ta nuna wani shuɗin zane. Wai duk abin da ke ƙasa da shi hanyar ruwa ce, dokar ƙaramar hukuma ta hana gini da cike wurin da ƙasa. Na gaya mata shekarata arba'in a unguwar nan, ba takarda ce za ta koya mini ruwa ba. Na ce mata marar tarbiyya, a gaban kowa.

Duk da haka, kada ka kuskura ka nemi wanda zai bi mana ta bayan gida. Ban haife ka don ka ba da cin hanci ba.

Ka gaishe da matarka da yara.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga ɗana Auta,

Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka kwantar da hankalinka, ina nan da raina, godiya ta tabbata ga Allah.

Kwana uku aka yi ana ruwa, kogi ya fasa. Da aka ɗauke, na dafa kafaɗar maƙwabciyata muka gangara filin. Auta, bulonka layi uku kawai ake gani. Bakwai suna cikin ruwa. Magini ya taɓa gaya mini cewa a layi na biyar tagar ɗakina za ta zauna, kuma ka san gado bai kai tsayin taga ba. Da wace ƙafa zan gudu?

Fadamar da na so a cike ita ta riƙe ruwan kamar kwarya. A lungunmu iyakarsa bakin ƙofa, kwana huɗu ya janye. Can tsallake, inda suka zuba jar ƙasa suka yi gini tun kafin dokar, katifu ake shanyawa a kan katanga, wasu iyalan har yanzu suna azuzuwan firamare.

Ina tsaye a wurin na lura da mangwaron da mahaifinka ya dasa. Ruwa ya tsaya daidai gindinsa. Allah ya jiƙansa, bai taɓa sa fartanya ƙasa da bishiyar nan ba, ya bar wa ciyawa da balbelu. Shekaru na yi ina kiran abin lalaci. Shuɗin zanen yarinyar nan ta gindin mangwaron ya bi.

Jiya na koma ofishin. Na jira sai da bencin ya cika, domin a gaban jama'a na zage ta, a gaban jama'a ya kamata in nemi gafara. Ta rufe fuska don kunya, ta kira ni Mama, ta hana ni ƙarasa maganar. Ba a hana ni magana, ka sani, don haka na ƙarasa. Na sa mata albarka, ita da iyayen da suka koya mata cewa a'a ga babba ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce sama da mangwaron ana iya gini, ta ba ni fom ɗin neman izini.

Yanzu ga aikinka. Ka turo mota a kwashe bulon daga hanyar ruwa. Sannan ka rubuta mata wasiƙar godiya da hannunka, ba saƙon waya ba, ka kuma gyara rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza. In ka zo kada in ga kana murmushi. Uwa ta yi kuskure ta gyara, ba abin dariya ba ne, darasi ne.

Layi bakwai, Auta. Sau biyu na ƙirga.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.