Adireshin Muryar Iya

Gumel, Litinin

Mudathir,

Assalamu alaikum. Iyakar gaisuwar da zan iya yau ke nan.

Na kunna sabuwar na'urar da ka aiko daga Maigatari. Sunayen duk suna nan: "Iya tana kiran awaki", "Iya da mai nono", "Addu'ar Iya". Na danna, shiru. Sai na buɗe manhajar da ka rubuta. Kai da na koya wa harshen kwamfuta na C a kan tabarmar zauren nan!

Kowace murya da na naɗa kafin Iya ta rasu, tsari ne a cikin tsari. Na waje yana riƙe da suna da adireshin inda muryar take, na ciki shi ne muryar. Kai ka yi memcpy, umarnin kwafa, a kan na waje kaɗai. Ba ka nemi sabon wurin ajiya da umarnin malloc ba, ba ka bi adireshin ka kwaso na ciki ba, sannan ka goge tsohuwar na'urar. Ka kwafi lambar gida, ka rushe gidan.

Kai kana da mata da yara da hayaniyar manyan motoci. Ni bayan magariba muryar Iya nake kunnawa in ci tuwo.

Don Allah ka ce mini akwai wani kwafi.

Yayarka,
Murja

Maigatari, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya.

Babu, Yaya. Wallahi na gwada sabuwar na'urar kafin in goge tsohuwar, kuma ta yi magana ras. Ashe daga tsohuwar take karantowa, don a lokacin suna haɗe. Ba ni da bakin ba ki haƙuri.

Murya guda ɗaya ta rage, a wayata. Saƙo ne da ta sa Khairiyya maƙwabciyarku ta turo mini, faɗa take yi: "Kai Mudathir, Gumel Makka ce? Ka zo ka ga yayarka, daga ni sai ita a gidan nan." Sai tari, sai dariyar Khairiyya.

In turo miki?

Ƙanenki mai neman gafara,
Mudathir

Gumel, Alhamis

Mudathir,

Wa alaikumus salam.

Kada ka turo. Na daina yarda da kwafinka. Ka kawo wayar da hannunka gobe, bayan an sauko daga masallaci.

Zan tuƙa tuwo da kai. Ban huce ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Murja