Garejin Bas Ya Shiga Tsakanina da Maigidana

Anti Loretta,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan ba tare da ta zaga ta koma kunnen maigidana ba. Kada ki buga sunana, ko da yake na san wasu suna karantawa za su gane ni.

Ni malama ce a kwalejin al'umma ta garinmu, sashen koyon sana'a. Bara waccan hukumar birni ta sayo sababbin bas masu aiki da lantarki, sai da suka iso aka waiwaya aka ga babu mai iya gyara su. Shi ne magajin gari da shugabar kwalejinmu, Dakta Abernathy, suka ƙulla yarjejeniya. Mu za mu koyar a aji, birni zai buɗe wa ɗalibanmu garejinsa su koyi aikin hannu, wanda ya gama kuma a ɗauke shi aiki. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, aka ci kek. Washegari kowa ya koma ofishinsa, aka bar ni da goyon.

Ni aka naɗa mai kula da shirin. Tun daga ranar ban huta ba. Sai da aka kwashe rabin shekara ana jayayya kan wa zai ɗauki nauyi idan ɗalibi ya ji ciwo a gareji, lauyan birni ya ce kwaleji, lauyan kwaleji ya ce birni, ni ce mai kai saƙo da dawo da amsa. Idan na je wurin shugaban sufuri na birni, Mista Petrosky, sai ya ce, "To, me kwalejin taku take so kuma yau?" Idan na dawo, Dakta Abernathy ta ce, "Yaya mutanenki na birni?" A can ni 'yar kwaleji ce, a nan ni 'yar birni ce. Abincin rana a tsaye nake cinsa, in ma na tuna.

Duk wannan da sauƙi, Anti. Abin da ya kawo ni shi ne maigidana, Wendell. Bakanike ne a wannan garejin, ya haura shekara talatin yana gyaran injin dizal. Da farko ya fi kowa murna, shi ya taya ni jigilar kujeru zuwa sabon ajin. Yarjejeniyar ta ba tsofaffin kanikawa damar zuwa karatun yamma kyauta, kuma ya zo. Ya zauna can baya, cikin yara sa'annin 'yarmu Renee. Jarrabawar farko a kwamfuta aka yi ta, bai ci ba. Ba ni ke koyar da ajin ba, amma sakamakon ta teburina ya bi. Bai sake komawa ba, kuma har yau ba mu taɓa yin maganar ba. Ya san na sani, na san ya san na sani. A gareji kuwa abokansa suka sa shi gaba, kullum sai, "Mijin Malama, yau an duba maka aikin gida kuwa?"

Ana cikin haka sai magana ta fita cewa Mista Petrosky ya faɗa a wani taro wai idan yaran kwaleji suka fara aiki, nauyin gareji zai yi wa birni sauƙi. Ban san ko ya faɗa ba, ban san me yake nufi ba. Su dai tsofaffin abu ɗaya suka ji, za a sallame su a ɗauki masu araha. Daga nan suka haɗe kai. Ɗalibaina su je gareji da safe, a miƙa musu tsintsiya da bokiti, su yini suna wanke bas. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Akwai wata ɗalibata, Marisol, uwar yara biyu, ta bar aikin wanki a gidan kula da tsofaffi don ta shiga shirin nan, kuma ni na lallashe ta. Ta zo ofishina idanunta jawur ta ce, "Malama, shara na bar aikina in zo in koya? Ai shara tun ina yarinya na iya." Na tambaye ta wa ya ba ta tsintsiyar. Ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗa, a nan na gane Wendell ne.

Da na tayar da maganar a gida, sai ya ajiye cokali ya ce, "So kike in wasa wuƙar da za a yanka ni da ita?" Na ce babu wanda za a kora. Ya ce, "Wa ya gaya miki? Kin gani a rubuce?" Tsakani da Allah kuwa, ban gani ba.

Yanzu ga inda aka kwana. Wata mai zuwa majalisar birni za ta zauna a bainar jama'a kan ko a sabunta yarjejeniyar ko a bar ta ta mutu. Ni zan tashi in yi magana a madadin kwaleji. Ƙungiyar ma'aikatan gareji kuma ta zaɓi wanda zai tashi ya ce a soke ta, kuma Wendell ne. Ba daga bakinsa na ji ba. Matar abokin aikinsa ce ta tare ni a ƙofar coci tana cewa, "Kai, ranar nan za mu sha kallo!"

Tun daga lokacin hirarmu da Wendell ba ta wuce maganar sanyi da ta jikarmu. Ranar bikin godiya na shekara-shekara, da iyali ke taruwa cin abinci, Renee ta ja ni kicin, talo-talo na kan wuta, ta ce, "Mama, rabuwa za ku yi ne?" Na ce ta rufe min baki. Amma na kasa cin abincin. Shi kuwa har yanzu yakan kwashe min dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa kafin ya fita aiki, sai dai ba ya ce min sai an jima.

Wata makaranta a garin da ke maƙwabtaka da mu tana neman malami, aji kawai, babu taro babu gareji. Zuciyata ta karkata can. Amma na san idan na tafi babu mai ɗaukar shirin, kuma me zan ce wa Marisol da sauran? Wani lokaci kuma sai in ce in kwanta ciwon ƙarya ranar taron. Idan ɗalibai suka watse nakan zauna ni kaɗai a aji, ba abin da nake yi, ba na dai son tafiya gida. Ko haushin wani ba na ji yanzu, ƙarfin fushin ma babu. In ajiye aikin ne, ko in tashi gaban gari in ƙaryata mijina?

Wadda Ta Gaji da Zirga-zirga

*

'Yar'uwa,

Sannu. Gajiyarki ta fito fili a wasiƙar nan, kuma ba ragwanci ba ne. Aikin ma'aikatu biyu aka ɗora wa mace ɗaya.

Bari in fara da Wendell, domin tambayar da ya yi miki tambaya ce ta gaskiya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin mota, ritaya ta kusa, yana da haƙƙin sanin makomarsa, kuma babu wanda ya gaya masa. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Marisol ba ita ta sayo bas ɗin ba, ba ita ta yi maganar a taro ba. Huce haushin manya a kan mai neman abin da za ta ciyar da 'ya'yanta bai dace da dattijo ba, kuma ina zargin shi ma ya sani, shi ya sa yake fita ba ya ce miki sai an jima.

Kuskurenki ɗaya: kina ɗaukar alkawari da bakin da ba naki ba. Ko za a kori tsofaffi ko ba za a kora ba, birni ne zai faɗa. Kafin ranar taro ki nemi Mista Petrosky da Dakta Abernathy su zauna a ɗaki ɗaya, ki daina kai saƙo tsakaninsu. Ki gaya musu ba za ki iya kare shirin ba sai birni ya fito ya bayyana matsayin tsofaffin kanikawa a rubuce. Ki nemi a kai wa tsofaffin darasinsu cikin gareji, a lokacin aiki, su kaɗai, a gwada su da aikin hannu. Birni kuma ya naɗa nasa mutum da zai riƙa tsayawa kan ɗalibai a can. Suna buƙatar yarjejeniyar nan fiye da yadda suke nuna miki, don bas ɗin ba za su gyara kansu ba. Idan kuma amsar birni ta fito mara daɗi, gara ki ji ta yanzu da ki tashi gaban jama'a kina rantsuwa a kan abin da ba ki sani ba.

A gida kuwa, ba taron majalisa ne ya toshe muku baki ba, jarrabawar nan ce. Ki taɓo ta sau ɗaya, da bakin matar aure, ki bar malanta a waje. Ki ce kin gani, kin ji masa ciwo, kuma bai ragu da komai a idonki ba. Kada ki roƙe shi ya koma aji. Sannan ki gaya masa duk abin da za ki faɗa a majalisa, ki nemi ya gaya miki nasa, kada ɗayanku ya ji sabon abu a gaban mutane. Zai yiwu ki tarar rabin abin da yake nema kina iya faɗarsa da bakinki. Maganar tsintsiya ma ki faɗa masa, a hankali, amma ki faɗa.

Ciwon ƙarya ki bar shi, garin zai gane, shi ma zai gane. Batun ajiye aiki kuma ki jinkirta har ɗaliban da ke hannunki su kammala. Idan a lokacin an ƙi ba ki mataimaki, ki karɓi aikin can da zuciya fari. Shirin da zai rushe don mace ɗaya ta huta, manyan da suka sa masa hannu ne suka rushe shi.

Ranar taro kada ki tashi da niyyar ƙaryata mijinki. Ki faɗi halin da ɗalibanki ke ciki, shi ya faɗi tsoron abokan aikinsa, ku bar majalisa da aikin da aka zaɓe ta ta yi. Masu jiran kallo su kalla. Ku je a mota ɗaya, ku dawo a mota ɗaya.

Allah ya ba ki hutu, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya sa ɗalibanki su ci moriyar wahalarsu.

Anti Loretta