Wandon Roba Mai Launin Kakin Soja

Anti Mairama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Ki sakaya sunana. Na san za ki ce mace ta rasa abin rubutowa sai maganar takalmi, amma Allah ya sani takalmin nan ya hana ni cin abinci.

Maigidana, Baban Miracle, tela ne a kasuwar Mubi tun kafin ya aure ni. Bara da masu tada ƙayar baya suka shigo gari, a ƙasa muka gudu ta Sahuda har muka tsallaka Kamaru. A hanya kututture ya yage masa ƙwauri, ga shi dama yana fama da ciwon suga. Da muka dawo, ba shago ba keken ɗinki. Sai ya ɗauko tsohon birgin mahaifinsa, ragar kamun kifi, ya koma mayo, wato kogin Yedzaram, yana jifa daga bakin gaɓa. 'Yan karfasa da tarwaɗar da ya samo ni nake soyawa in sayar a bakin hanya, da su muke ci.

Mai jefa birgi kuwa dole ya taka ruwa, wani lokaci har cinya. Mikin nan ya ƙi warkewa, yanzu har wari yake. Ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, in ya ci gaba da tsoma ƙafar a ruwa, ƙarshenta yankewa za a yi. Ta ce ya nemi irin wandon robar nan mai haɗe da takalmi da masu kiwon kifi suke sawa.

Mun zaga kasuwa har muka gaji, sai wajen Murtala mai gwanjo muka samu guda biyu a cikin dilarsa. Ɗaya baƙi ne, iyakarsa cinya, amma ya matse shi, daidai kan mikin yake gurza. Ɗayan yana kaiwa ƙirji, da igiyoyin ratayawa a kafaɗa, robarsa mai kauri, kamar don shi aka yi. To Anti, shi wannan ɗin launinsa dabbare-dabbaren kakin soja ne sak. Murtala ya ce maharban Turai ne suke sawa. Ni ina ruwana da Turai? A Mubi muke.

Kin san halin da ake ciki. Tsakanin gidanmu da mayo akwai shingen masu tsaro, ga 'yan sintiri suna zagaya bakin ruwa da sassafe, kowa a tsorace, kowa da bindiga. Maƙwabcinmu Kwaji, magidanci da furfurarsa, a kan wata tsohuwar hula mai irin wannan launi aka zaunar da shi a rana, sai da mai unguwa ya je ya shaide shi. Hula ke nan fa. To ina ga mutumin da aka hango daga nesa a cikin ciyawa, sanye da kaki tun daga ƙafa har ƙirji?

Na faɗa masa, ya ce tsorona ya yi yawa, wai wanda maciji ya sara ne ya ga tsumma. Ya ce a buhu zai riƙa sa shi, sai ya isa ruwa ya saka. Ni kuma har na yi tunanin in sayo baƙin fenti in shafe shi. Abin da ya fi ci mini rai, ranar da ya gwada shi a gaban madubin Murtala ya miƙe tsaye ƙyam yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin gudu. Daga baya ya ce mini ya gaji da zama mutumin da matarsa ta tallafo a kafaɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Yanzu gaisuwa ce kawai take haɗa mu. Kullum yana naɗe ƙafar da leda ya ɗaure da roba ya tafi ruwa, ya dawo ledar cike da laka. Murtala kuma ya ce akwai mai so, ba zai ajiye mana ya wuce ƙarshen mako ba. In na hana, ƙafa ta tafi, laifina ne. In na bari aka harbe shi, ina zan sa kaina? Wanne za mu ɗauka?

Taki, Mai Suyar Kifi, Digil.

AMSA

'Yar'uwa, ban yi dariya ba ko kaɗan. Kuma kada ku ɗauki ko ɗaya a cikin biyun nan.

Mijinki yana da gaskiya a kan baƙin. Takalmin da yake gurzar miki a ƙafar mai ciwon suga bai da maraba da ruwan da ake gudar masa. Ke kuma kina da gaskiya a kan mai launin kakin, gaskiyarki ma ta fi tasa nauyi. Dabarar buhu ta fi sawar muni, don kakin da aka zazzage daga buhu a shinge ba a tsayawa sauraron bayaninsa. Fenti kuwa ki cire shi a ranki. Zai ɓare a ruwa launin ya leƙo, a ce ɓoyewa kuka yi, ki ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ko da ba launin, mai kai ƙirji ba na mai jifa daga gaɓa ba ne. Yana ruɗin mutum ya ƙara gaba, ga damina ta kama, in mayo ya kawo ruwa ya cika wandon, nauyinsa ba zai bar shi ya fito ba. Kuma a garin da har yanzu ake kwana da shirin gudu, ba a sa abin da ba ya cirewa da sauri.

Abin nema shi ne mai kai cinya, baƙi ko ruwan ƙasa mara zane, wanda ya ɗan fi ƙafarsa girma yadda bandeji da safa mai kauri za su shiga, ƙasansa kuma da zane-zanen hana santsi. Kafin ku biya, ku cika shi da ruwa ku rataye, ku ga ko yana yoyo. Ku tambayi masu kiwon kifi inda suke saye, ko ku ba direban motar Jimeta awon ƙafarsa a kwali. Kada gaggawar Murtala ta ɗaga miki hankali, kowane mai gwanjo yana da wani mai so.

Kafin takalmin ya iso, birgi ya huta. Ya zauna a kan gaɓa da fatsa, ƙafa a bushe, ledar nan kuma ta tafi, don gumin da take tarawa ma ciwo ne. Kifi zai ragu, ku yi haƙuri da kaɗan ɗin. A koma asibiti a duba mikin cikin makon nan, kada a jira takalmi.

Sauran maganar ba ta takalmi ba ce, kin sani. Mutumin nan ya rasa keke ya rasa shago, sai madubi ya nuna masa namiji a tsaye. Kada ki yi masa gori, kuma kada ki tara masa mutane. Ki bari ya ci ya ƙoshi, sannan ki gaya masa cewa wanda ya shiga ruwa da ƙafa mai wari don 'ya'yansa su ci, ba ya buƙatar aron kakin kowa. Ki tuna masa ba ki tallafo shi daga Sahuda don ki je shinge karɓar gawarsa ba. Kifi ba ya duba launin wando, amma mai bindiga yana dubawa.

Allah ya ba shi lafiya, ya zaunar da Mubi lafiya, ya sa kullum ya dawo miki daga mayo da ƙafafunsa biyu.

Anti Mairama