Kwanon Kulu

Gwandu, ranar Babbar Sallah da dare

Ban je Idi ba, ƙafafuna sun ƙi. Ɗana Sani bai zo daga Kalgo ba, bai kuma kira ba. Tun rasuwar matata ban ji kaɗaici irin na yau ba. Astagfirullah, har tunanin kashe kaina ya zo mini.

Da la'asar maƙwabciyata Kulu ta kawo tuwon shinkafa da soyayyen kayan ciki. Na faɗa mata gaskiya. Ta zauna bakin ƙofa har magariba, sannan ta ce, “Baba, kwanon nan da hannunka za ka maido mini gobe, daga nan mu wuce asibiti tare.”

Nauyin zuciyata bai ragu ba. Amma na wanke kwanon, na ajiye shi kusa da sandata.