Shuɗin Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana Sohibnazar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya kare ka daga sanyin Yekaterinburg ta ƙasar Rasha da hawan dogayen gine-ginen da kake wa fenti. Mu nan lafiya ƙalau. Matarka Shahnoza tana nan yadda ka bar ta, 'yarka Sitora kuma ta fara tafiya, kaji ba su da sakat. An gama haƙar dankali, dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu, ba ta dai iso ƙauye ba tukuna.

Yaya, maganar sabon gidan ce ta sa na rubuto, don kaina ya ɗaure. Ka san tun da zaftarewar laka ta binne tsohon gidanmu muke cunkushe a wajen Kawu Davlat, Baba kuma ya rantse ba zai tare ba sai ɗakinsa ya yi shuɗi irin na ɗakin marigayiya Inna. A waya ka ce mini shafi biyu ya isa. To, na farko bangon ya shanye shi tas, ya fito dabbara-dabbara. Kawu ya ce ruwa ya yi kaɗan a fentin. Gwaggo Bibisoro ta ce a'a, filastar ce ba ta bushe ba, wai Kawu da ko kejin kaji bai taɓa shafawa ba ya rufa mana baki. Muka kira Bahrom mai fenti, ya ce ai sabon bango sai an fara ba shi fari ya sha ya ƙoshi, sannan a yi shafi biyu, silin kuwa wani lokaci har uku. Kai biyun da ka ce, har da farin ko ban da shi? Shahnoza ta hau tebur za ta gwada silin, ta sauko rabin fuskarta fari fat, Gwaggo ta ce Allah ya so mijinta na nesa, da ya nemi a mayar masa da sadakinsa.

Duk wannan da sauƙi. Baba ne ya fi rikita ni. Bayan shafi na biyu na kawo shi ya duba, ya ce ya yi haske, na uwarku ya fi wannan duhu. Muka ƙara, ya ce ya yi duhu, ko kabari muke shirya masa? Ban taɓa bangon ba, washegari na sake kawo shi, ya ce har yanzu da haske. Na zauna a kan bokitin fenti na yi ta kuka, ina tsammanin kewar Inna ce take sa shi neman rigima.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya ce zai sake dubawa. Ya riga ni shiga gidan yana dafa bango, sai na ga ya wuce ƙofar ɗakinsa ya shiga ɗakin yara, wanda ko burushi bai taɓa ba, siminti ne zalla. Ya tsaya tsakiya, ya juya, ya shafa bangon da tafin hannunsa a hankali, ya ce, “Yawwa Mavjuda, yanzu kika samu. Wannan shi ne na uwarki.” Yaya, sai na ce masa to, Baba, alhamdu lillahi.

Tun daga nan na fara lura. Idan zai zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofin. Gurasa sai ya laluba. Sitora ma da muryarta yake gane ta. Da na yi masa maganar likitan ido a birnin Panjakent sai ya hau ni da faɗa, wai ya fi ni gani, kuma kada na kuskura na ɗaga maka hankali kana neman na kanka. Ga shi na saɓa masa. Ni ba ya jin maganata, amma na san in kai ka kama hannunsa zai bi ka.

Za mu tare kafin sanyi ya rufe hanya, tunda yanzu Baba ya yarda. Abin da ban sani ba shi ne inda zan shimfiɗa masa katifa: ɗakin da muka shafa wa shuɗi, ko wanda ya ga Inna a cikinsa. Ka faɗa mini, ko ka zo ka shimfiɗa da kanka.

Kawu Davlat da Gwaggo Bibisoro suna gaishe ka, Shahnoza ma haka. Ka gaida mana Nurali abokin ɗakinka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Mavjuda