Baƙin da na gani a gindin gorar ruwan ɗana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai matan dangin mijina a gurup ɗin nan, na san ma wata na iya gane ni da labarin, amma abin ya kai min wuya. Don Allah ku ba ni shawara, musamman iyayen da Allah ya ba su yaro irin nawa.

Ni matar aure ce a Mubi, muna zaune a Kolere gida ɗaya da uwar mijina da muke kira Dada. Yarana biyu, babban namiji ne ɗan shekara bakwai, sunan marigayi baban mijina ya ci shi ya sa muke ce masa Abba. Tun yana ƙarami muka lura ba ya juyowa in an kira shi, ba ya kallon idon mutum, aikinsa jera marafan kwalba a bakin ƙofa, wanda ya taɓa masa ɗaya kuwa ranar sai maƙwabta sun ji mu. Bayan yawon da muka sha, wata likita a Yola ta ce otizim ne, ta ce ba hauka ba ne ba kuma iska ba ce, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwarsa, kuma zai iya karatu in an bi shi a hankali. Abba yana magana amma ba irin ta hira ba, abin da kunnensa ya ji shi yake maimaitawa, da muryar mai maganar da komai kamar an ɗauka a waya. In mai kifi ya wuce yana talla da safe, to har yamma Abba mai kifi ne. Bai taɓa ƙirƙirar zance da kansa ba, abin da aka faɗa a gabansa kawai yake dawo da shi.

Kun san al'adarmu, ɗan fari ba na uwa ba ne, na kaka ne. Ba na kiran sunansa na yanka, ba na ɗaukarsa a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi a tsakar gida in Dada na zaune sai dai in kawar da kai ita ta tashi, zuciyata na ƙuna amma haka zan daure. Kuma tsakani da Allah Dada na son yaron nan, maigidana take ce masa, ita ke ɓare masa gyaɗa, ita kaɗai yake yarda ta yanke masa farce. Sai dai ba ta taɓa yarda da maganar likita ba. A wurinta lokacin da nake da cikinsa na je wanki mayo, wato rafin bayan unguwa, rana ta faɗi ina can, a nan aka shafe shi. Na gaji da musu na bar ta a kan haka.

Maganar makaranta ni na tsaya a kai. Wurare biyu suka dube shi suka ce ba su da malamin irinsa, na ukun wata ƙaramar firamare ce mai zaman kanta, suka ce a kawo shi a gwada. Malamar ajinsu zan kira ta Anti Rifkatu, ba sunanta ba ne, Kirista ce 'yar ƙabilar Gude. Na zauna na karanta mata komai. Ƙararrawarsu tsohon rim ɗin mota ne da ake buga wa ƙarfe, Abba ba ya iya jure wannan ƙarar, sai ta ce za ta riƙa shigar da shi aji kafin a buga. Na gaya mata ba ya cin komai sai taliya fara ba miya, kuma ba ya shan ruwa a kofi ko a leda, sai a wata koriyar gora guda ɗaya da ya saba da ita, in babu ita gara ya wuni da ƙishi. Kai shi da ɗauko shi kuwa ƙanen mijina ne ya ɗauka, Bappa Sali, tunda yana tuƙa keke napep.

Makonnin farko wallahi kamar a mafarki. Ranar da Abba ya shigo gida ya tsaya a gaban tukunyar ruwa ya ce mata "Gud monin Anti", kicin na shige na yi kukana na share, don ba zan nuna murnar ɗan fari a gaban Dada ba. Ya zo da waƙar ƙirga, ya zo da muryar malama tana cewa a zauna. Da kansa yake ɗauko takalminsa da safe.

To daga baya sai abubuwa suka fara sauyawa. Waƙoƙin makaranta suka ɗauke ɗif. Filas ɗin taliya yana dawowa yadda na zuba shi. Yunifom ɗinsa yana warin hayaƙi, kuma ba hayaƙin itace ba, wani mai kama maƙogwaro. Yaron da ke ɗauko takalmi ya koma da ya ga na ɗaga yunifom sai ihu da buga kai a bango. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Duk zargina a kan malamar ya tafi, na ce ko dukansa take yi, ko kulle shi suke a sito su huta, don wata maƙwabciyata ta ce min haka wasu makarantu ke yi wa irin waɗannan yaran. Na koma kullum in ya dawo sai na tuɓe shi ina dube-dube, ran nan kuwa na ga shatin yatsu a damtsensa, yatsun babban mutum. Na nuna wa babansa, ya ce ni dai ina son fitina, wasan yara ne, in gode wa Allah da aka samu masu karɓarsa. Ko kallon hannun bai yi da kyau ba, kuma wannan ya tsaya min a rai.

Abin da ya tayar min da hankali gaba ɗaya shi ne ranar da nake wanke gorar nan na ga baƙi ya kwanta a gindinta. Na shinshina, na ɗan lasa. Ni da na tashi a gidan malamai ba za a gaya min tawadar rubutu ba. Na zauna da gora a hannu ina tunani, wa zai ba ɗana rubutu a ajin da malamarsa ko allo ba ta taɓa riƙewa ba? Da walakin goro a miya.

Washegari na ce zan kai ƙanwar Abba rigakafi, na goya ta na miƙe makarantar, na isa bayan an dawo daga tara. Kujerar Abba ba kowa. Ban tsaya tambaya ba na hau matar nan da faɗa a bakin aji, na faɗa mata maganganun da har yanzu ina jin nauyinsu. Ta bari na gama sannan ta ce, "Maman Abba, ni na ɗauka kin sani ai. Bappan shi ne yana zuwa in an tashi tara, ya ce gida sun ce a kai shi magani. Kakan shi ma ya zo da kanshi ranan farko, yana cikin keke." Wato Dada. Ashe ana ɗauke shi da hantsi, a riƙe shi a wani wuri, lokacin tashi ya yi a dawo min da shi da jaka a baya kamar daga aji yake.

Duk da haka ban wanke malamar tas ba. Lambata na wayarta, me ya hana ta kira ni? Da na tambaye ta ta ce ta so ta kira, Bappan ne ya ce mata a gidansu uwa ba ta da ta cewa a kan ɗan fari, ita kuma ba ta son shiga al'adar mutane. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma ta samu sauƙi ne ajinta ya yi shiru, Allah masani. Ta ce kafin a fara ɗauke shi har ya fara riƙe fensir, ya yarda wata yarinya ta zauna kusa da shi. Ta kuma ce hedimasta ya fara magana, in yaro ba zai wuni a aji ba, ga ihun da yake yi a get yana firgita sauran, to ƙarshen zangon nan za su sallame shi. Ni kuma na san in wannan ƙofar ta rufe ba wata da za ta buɗe mana a garin nan.

Da na dawo gida ban iya tunkarar Dada ba, bakina ba zai ɗauka ba. Na tare Bappa Sali a zaure, ya hau sosa ƙeya, ya ce shi ɗan aike ne, wani malami ne mutumin garin Uba da ya kama ɗaki a bayan kasuwa, ana yi wa Abba hayaƙi a ba shi rubutu, kuma da ya ƙi sha a kofi ne suka zuba a gorarsa. Da babansa ya dawo na gaya masa, ya rantse min da Allah bai san zancen ba, shi tun safe yana kasuwar hatsi ina zai sani. Sai kuma ya juya faɗan a kaina, wai na fita da ƙaryar rigakafi, wai ko ma an yi ai ba guba aka ba shi ba, ayar Allah ce. Na ce ni ban ƙi addu'a ba, kullum da safe sai na tofa masa kafin ya fita, abin da na ƙi shi ne a danne yaron da ko rungumar uwarsa ba ya jurewa a tura masa hayaƙi, kuma a raba shi da ajin da na sha wuya kafin na samu. Ya ce in bari zai yi wa Dada magana.

Maganar da ya yi ban san irinta ba, abin da na sani shi ne Dada ta kira ni ɗakinta, tunda aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ta ce ita ba ta taɓa ganin uwar da ta buɗe baki a kan ɗan fari ba, boko ya cire mana kunya. Ta ce malam ya ce aiki ya yi nisa, ihun nan da nake gani alama ce abin ya ji wuta yana shirin fita, kuma abin da ya rage shi ne a kai Abba can Uba ya zauna a gidan malam sai an gama, makaranta ba guduwa za ta yi ba. Tana faɗa tana hawaye, kuma na san har ranta taimakonsa take ganin tana yi, wannan ne ma ya fi ɗaure ni. Mijina na zaune a gefe kansa a ƙasa.

Yanzu Abba ya daina shan ruwa a gorar nan, kuma bai koma kofi ba. Da kankana da kunu a cokali nake lallaɓa shi, leɓensa duk ya bushe. Jiya da la'asar na wanke gorar a gabansa, na cika ta yana kallo don ya ga ruwa ne fari, na miƙa masa. Ya ja baya har ya jingina da bango, ya toshe kunnuwa, sai ya buɗe baki da muryar babban namiji ya ce, "Riƙe ƙafar, Salihu. Riƙe da kyau kar ya zubar."

'Yan uwa, duk gidan nan har Dada da ta haife shi Sali muke cewa. Mutum ɗaya ne tak yake kiransa Salihu, kuma har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana sai da Abba ya yi. Mijina ne, wanda ya rantse min bai san zancen ba. Na zuba masa tuwo na zauna ina kallon yatsunsa yana ci, ina auna su da shatin da na gani a damtsen ɗana. Ina ta nema masa uzuri, ko wata rana daban ce Abba ya ji ya faɗi haka, amma na rasa ranar da za a ce a riƙe ƙafa kar a zubar.

Don Allah me zan yi? In tunkare shi da abin da na ji, alhali shaidata yaron da kowa ke cewa ba ya cikin hankalinsa? In cire kunyar in riƙa kai Abba makaranta da ƙafata in zauna a bakin get har a tashi, a ce na yi wa Dada tsaurin ido aurena ya girgiza? Ko in kai maganar gidanmu, su ma da na san ɗan fari za su fara ce min? In na yi shiru kuma wata safiya zan ji an wuce da shi Uba, inda ba wanda ya san taliya fara yake ci. Masu yara irin nawa, ta yaya ake sa yaro ya sake yarda da abin da aka ɓata masa, gorar da makarantar duka?

Yunifom ɗin na nan na goge na rataye, kuma gobe da safe keken Sali zai tsaya a ƙofar gida kamar kullum. In sa masa, ko kar in sa?